Ranar da Tankari ya kama hanyar duwatsu

Tankari mutumin Maradi ne, shekararsa tara yana sarin jakunkuna a Shiling, garin masana'antun jaka a ƙasar waje. Shekarar da aka yi gasar Olamfik a ƙasar na gama jami'a a unguwar Tianhe na fara yi wa 'yan kasuwa tafinta, a nan muka saba.

Wata shida ya yi yana tsara wata jakar goyo mai gurbin buta da dadduma. Masu sarin jaka ba sa nuna samfuri sai kaya sun hau jirgi, amma shi ya nuna wa Sabiru, amininsa da suke cin abinci kwano ɗaya a Xiaobei, unguwar baƙi 'yan kasuwa. Sabiru ya ɗauki hotonta a waya, ya kai wata masana'anta, kayansa suka riga na Tankari shiga kasuwa. Ni na yi wa Sabiru tafinta ranar, ban san jakar wa ce ba.

Tankari bai yi faɗa ba. Ya rufe shago, ya sayi tanti da dabino, ya ce zai yi kwana arba'in yana tafiya a ƙasa cikin duwatsun Nanling, inda ba wanda ya san sunansa.

Na raka shi tasha da safe, a can na daure na ce, "Yaya Tankari, ni na yi wa Sabiru tafinta."

"Na sani, ƙanena. Mai masana'antar ya gaya mini tun watan jiya. Kullum kana zuwa shan shayi wurina, sai yau bakinka ya buɗe?"

"In biyo ka?"

"A'a. Mutane nake so in huta da gani, har da kai."

Ya ba ni hannu ya hau mota, amma bai ce ya yafe ba.