Mai Ƙeya Ba Ta Bar Falo Ba

Mai aski mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaida. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Abu ɗaya ne da shi: ba ya mantuwa. In ka taka shi yau zai ce maka ba komai, kuma da gaske ba komai ɗin, har zuwa ranar da zai samu hanya.

Tun yana saurayi yake aski a ɗan shagonsa na bakin titi, har idanunsa suka soma gajiya, ya koma yi wa tsofaffin abokan hulɗa kawai. Duk abin da ya tara a rayuwa bai kai masa talabijin ɗinsa daraja ba. A zamaninta babu kamarta wajen tsabtar hoto. Ranar da aka kawo ta sai da aka cire ƙyauren falo, ƙarti suka shigo da ita suna nishi. Saboda tudun bayanta yara suka sa mata suna Mai Ƙeya.

Abokin gabarta shi ne ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Auta. Wata rana a gaban baƙi Auta ya buga bayan talabijin ɗin ya ce, "Yaya, wannan firjin naka har yanzu yana nuna hoto?" Aka yi dariya, har da matar gidan. Mai aski ya ce ba komai.

Ba a jima ba Auta ya kawo kyauta: ɗan akwatin kallo na zamani, mai kama ƙwallo da finafinai. Kafar jona waya ɗaya ce tal a bayansa, siririya shafaffiya. Mai Ƙeya kuwa ta wayoyi uku take shan hoto, kore da shuɗi da ja. Auta ya san haka sarai.

"Baban yara," in ji matar, "ran Asabar 'yan'uwa za su zo kallon bidiyon buɗe shagon Auta ta sabon akwatin nan. In Mai Ƙeya ba ta nuna ba, masu sayen tsofaffin ƙarafa su ɗauke ta. Ya ce zai ba mu tasa ta bango."

"Allah ya saka masa," in ji mai aski.

Ya tafi wurin mai gyaran talabijin, wanda ya yi masa bayani yana ta liƙa waya. Sabon akwatin da tsohuwar ba yare ɗaya suke ji ba, sai an sa musu 'yar na'ura a tsakani ta zama tafinta. Mai aski bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, ya wuce kasuwa ya sayo. Ya jona komai, allo ya yi baƙi ƙirin. Ashe tafintan hanya ɗaya yake bi, shi kuma ya sayo mai kai tsohon hoto zuwa sabuwar talabijin. Ya koma ya canzo.

Wannan karon hoto ya zo, amma yana gudu yana yayyagewa kamar tsumma a iska.

"Akwatin yana turo mata abin da ya fi ƙarfin cikinta," in ji mai gyara. "Shiga saitinsa ka rage."

"Ta ina zan ga saitin, alhali ba ta nunawa?"

"Sai ka jona shi da ta zamani tukuna. Tawa ta ƙone. Ba ƙanin matarka yana da ita ba?"

Mai aski ya dube shi har mai gyara ya koma kan aikinsa.

Akwai wata ta bango a unguwar, a shagon askin da ke tsallaken titi. Mai shagon shi ne ya kwashe masa samarin unguwa da injinsa mai ƙugi, kuma shekara da shekaru ko gaisuwa ba ta haɗa su. Mai aski ya auna gabar biyu, ya ga ta cikin gida ta fi nauyi. Ya tsallaka da akwatin a hammata.

"Baba, ai ba matsala," in ji mai shagon yana murmushi. "Sai dai nan ba a zama sai an yi aski."

Ya zauna. Aka yafa masa ƙyalle, aka zagaye masa kai da inji a gaban samari, aka fesa masa turare. Aka rage saitin. Ya dawo gida da hula har kunne.

Ran Asabar falo ya cika. Auta ya zo da sabbin kaya, da mota a ƙofar gida wadda za ta kwashe Mai Ƙeya. Mai aski ya danna rimot. Hoto ya fito tar, har ana iya ganin zaren labulen shagon. Matar ta ce, "Ikon Allah!"

Daidai lokacin da Auta ya fito a allo zai yi jawabi, mai aski ya je bayan talabijin ya gyara fanka, gwiwarsa ta zare jar wayar. Nan take fuskar Auta ta koma koriya shar. Mai aski ya dubi wayar a ƙasa, ya dubi allon, ya dawo kujerarsa ya harɗe ƙafa.

"Kawu ya zama kwaɗo!" in ji wata jikar mai aski. Falo ya ruɗe da dariya, wata gwaggo har da hawaye.

"Kun gani ko? Ta lalace!" in ji Auta. "Yaya, kashe ta!"

"Haba ƙanena, ana kashe jawabin babban mutum?"

Aka kalli jawabin har ƙarshe, da inda ya yanka kirtani, da inda ya yi wa kyamara murmushi da korayen haƙora. Da aka gama, mai aski ya tashi ya sake gyara fanka, ya mai da wayar, ya kamo ƙwallo. Riguna ja suka fito ja, fuskokin mutane irin na mutane.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Tsohuwa ce, abin da ta gani take nunawa."

Matar ta leƙa waje ta sallami mai mota. Har yau a dangin, in aka ce Kwaɗo ya zo, ba wanda ke tambayar wane ne.