Tokuzo Mai Awara da Sandar Kaɗe Ƙura

A duk layin kasuwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, babu wanda ya kai Hiranuma Tokuzo karatu, babu kuma wanda ya kai shi rashin sanin yadda labari yake ƙarewa. Littattafan da ya buɗe a rayuwarsa sun fi gashin kansa yawa, ko da yake wannan ba wani abin kirari ba ne, don tun yana saurayi kan ya zama fili. Amma ko guda bai taɓa kaiwa bangon baya ba. Burinsa a duniya ke nan, ya ga ƙarshen littafi ɗaya da idonsa kafin a ƙona gawarsa, kamar yadda ake yi wa mamaci a ƙasarsu. Wadda ta hana shi kuwa mutum ɗaya ce, Kadowaki Mitsue mai kantin littattafai, ita da sandarta.

Sana'ar Tokuzo awara. Tun asuba yake niƙa wake, ya tace, ya dafa, ya yanka a ruwan sanyi, kafin rana ta take ya sayar ya wanke hannu. Sauran yinin nasa ne. Sai ya tsallaka titi ya shiga kantin Kadowaki, ya zaro littafi, ya gyara tsayuwa, ya hau karatu. Kowa a ƙasar nan ya san karatun tsaye, kowa kuma ya san maganinsa. Mai kanti ba ya cewa fita, abin kunya ne. Sai dai ya ɗauko 'yar sanda mai tsummoki a baki, ya zo ya kama kaɗe ƙurar kantar da ke daidai hancinka, fat-fat-fat, har ka gane. Mai kunya ya ajiye littafi ya sulale. Tokuzo kuwa ranar da aka raba kunya yana bakin tukunyar wake.

Rigimar ta samo asali ne tun makon da aka kawo Mitsue gidan Kadowaki tana amarya. Surukarta ta miƙa mata sandar, ta nuna da baki ta ce, "Kin ga wancan mai warin waken? Aikinki na farko ke nan."

Lokacin Tokuzo ba ya karanta komai sai labaran mayaƙa masu takobi. Yana tsakiyar wani, jarumin ya zare takobi a kan gada, sai ga tsummoki a hancinsa. Ya yi atishawa, ya mayar da littafin, amma maimakon ya nufi ƙofa sai ya matsa gefe kaɗan ya zaro abin da hannunsa ya faɗa a kai. Littafin kiwon alade ne. Don taurin kai ya buɗe, don taurin kai ya ci gaba, can sai ya ji abin ya shige shi. Ashe alade ma yana da nasa hali! Bai kai ga yadda ake yaye 'ya'yan ba sai ga sanda ta iso. Ya sake matsawa, ya faɗa cikin taurari.

Washegari ya dawo neman mai takobinsa, littafi ya yi layar zana. Na aladen ma haka. Mitsue na zaune a bayan teburin ciniki kamar ba ita ba.

"Sannu da zuwa, babban baƙo," in ji ta, har da sunkuyawa. "Me za a kawo maka ka saya?"

"Ina littafin jiya, Kadowaki-san?" in ji shi, har da "san" ɗin girmamawa.

"Af! Wani mutumin kirki ya biya ya tafi da shi. Akwai irinsu a garin nan, ka sani."

A ranar Tokuzo ya rantse ba zai taɓa sayen ko takarda a hannun matar nan ba, kuma a tsaye zai gama mata littafi tana ji tana gani. Ita ba ta rantse da baki ba, sai dai ta canza wa sandar sababbin tsummoki.

Haka sanda ta yi ta kiwonsa shekara da shekaru, daga wannan kanta zuwa waccan, kamar akuya a bakin kasuwa. Ta kora shi cikin labaran masu binciken kisan kai, ya san gawa ya san waɗanda ake zargi, bai taɓa sanin wanda ya yi ba. Ta kora shi cikin tarihin yaƙe-yaƙe, ya bar runduna biyu suna hararar juna a bakin kogi. Ya shiga manyan littattafan da aka juyo daga Rasha, inda kowane mutum ke da suna uku kuma kowa na fama da baƙin ciki a cikin dusar ƙanƙara. Ya leƙa wa'azin limaman Buda, ya ji duniya wahala ce, aka kore shi kafin a faɗi mafita. Wata bazara ya maƙale a kusurwar labaran soyayya, tsakanin 'yan mata 'yan makaranta, yana share ƙwalla da tawul ɗin wuyansa, su kuma suna zungurin juna. Har littafin koya wa mai ciki yadda za ta haihu ya karanta, ya tsaya daidai inda naƙuda ta kankama.

Rabin sani kuwa yana da nasa haɗarin. Ya karanta yadda ake kamo ƙudan zuma, ya je ya kamo, ya kawo bayan gida. Babin yadda ake zama lafiya da su yana can gaba inda bai kai ba. Kwana da kwanaki matarsa Chiyono ce ke sayar da awara, shi yana ɗaki fuska kamar kabewa.

"Ka saya mana, mutumin nan," in ji ta tana shafa masa magani. "Ko don mu tsira da ranmu."

"In saya? Ta ci ni ke nan!"

"To, na gode wa sama da ba littafin fiɗa ka ɗauko ba."

Inomata wanzami, abokinsa na ƙuruciya, ya taɓa jansa ɗakin karatu na gari, inda babu mai kaɗa wa kowa ƙura. Ga kujera mai laushi, ga ɗumi, ga shiru. Tokuzo ya zauna, ya buɗe littafi, bai juya shafi ba ya hau minshari har ma'aikaciyar wurin ta zo ta taɓa shi. Ya fito yana masifa, wai wannan ba wurin karatu ba ne, asibiti ne. Shi karatu ba ya shigarsa sai a tsaye, kunne ɗaya na sauraren takun Mitsue.

To ina ƙarshen labaran? Ƙirƙira yake yi. Kullum da yamma a gidan wanka na unguwa, in tsofaffi sun jiƙa cikin ruwan zafi zuwa wuya, kowa da ɗan tawul a ka, sai Tokuzo ya kawo abin da ya karanta, ya ɗora nasa a kai ba tare da ya nuna ɗinkin ba. A bakinsa masoyan da aka raba sun gudu sun buɗe shagon taliya. Rasha ta yi rana. Rundunonin nan biyu sun gaji da harara, kowa ya koma gona. Wata rana Inomata ya kasa daurewa, ya je ya sayi littafin kisan kan da Tokuzo ya ce likita ne ya kashe matar, ya dawo yana huci.

"Toku-san, kai maƙaryaci ne! Ai ba likitan ne ya kashe ta ba, mijinta ne."

"A naka."

"A nawa kamar yaya? Ga shi a rubuce!"

"Marubucin ya gaji ne a ƙarshe. Ka duba idon likitan nan da kyau, ka ce mini mutumin kirki ne."

Daga nan ya zama al'ada, Tokuzo ya shirga ƙarya, mutane su ruga kanti su saya don su kama shi. Ya taɓa gaya wa Mitsue cewa shi ke kawo mata ciniki. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari," ta kaɗa masa ƙura a kunne.

Sau ɗaya sandar ta yi nawa. Shekarar da Chiyono ta rasu, ya dawo kanti bayan an gama zaman makoki, ya tsaya a gaban kanta bai zaro komai ba. Mitsue ta taso ta kama kaɗawa a hankali, yana matsawa tana binsa, har ta kai shi kusurwar waƙoƙi, inda ba ya zuwa don ya ce aikin malalata ne, layi uku an bar sauran takarda fari. Can ta bar shi. Duk lokacin sanyin nan a wurin ya yini, ita kuma sai ta ga ƙura a ko'ina ban da wannan kusurwa. Da furanni suka fito ya ɗan yi dariya a kan wata waƙa. Ai kuwa ta ji. Fat-fat-fat, yaƙi ya dawo sabo.

Suna cikin haka tsufa ya cim musu. Tokuzo ya ranƙwafa, Mitsue ta fara jan ƙafa, har yakan rage saurin karatu don ta samu ta iso, ko da yake ko za a yanka shi ba zai amsa ba. Sai wata yamma a gidan wanka Inomata ya ce, "Ka ji kuwa? Kadowaki-san za ta rufe ƙarshen wata. Gwiwoyi sun ƙi. Ɗanta zai tafi da ita Osaka."

Tokuzo ya miƙe tsaye cikin ruwa, tsirara, tawul ya faɗo.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi. "Ku ji da kyau. Ban taɓa gama littafi ba, ko ɗaya. Duk abin da na gaya muku ni na ƙera."

"Wa ye bai sani ba?" in ji Inomata. "Zauna, kana tsorata mutane."

"Amma kafin matar nan ta rufe, sai na gama guda a gabanta. In ban yi ba, ku daina cin awarata!"

Ya gwada, ya sake gwadawa, tana dogara bango tana isowa. Har ranar ƙarshe ta zo. Da ya shiga, kantoci duk sun yi wayam, kwalaye jibge a ƙasa, muryar mutum har amsawa take yi. Ya zaɓi ɗan siririn littafi cikin 'yan da suka rage, labarin wani mai keke da aka ba shi akwati ya kai wani ƙauye a kan dutse, aka ce kada ya kuskura ya buɗe. Ya gyara tsayuwa.

Mai keke ya haye kogi. Ya kwana a hanya. Tokuzo na karatu, kunnensa na jiran taku, shiru. Ya wuce rabi, inda bai saba wucewa ba, ya ji shafukan da suka rage suna ta sirancewa. Ya ɗaga kai.

Mitsue na zaune a bayan teburinta, sandar kwance a cinya, gwiwoyi naɗe da ƙyalle. Ya ga ta dafa teburin za ta tashi, ta koma ta zauna. Ta sake gwadawa, ta kasa.

"Kallon me kake yi?" in ji ta. "Karanta mana. Ka ci, Toku-san. Je ka ba su labari."

Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan, ga shi a tafin hannunsa, amma ko kaɗan bai ji daɗi ba. Ya mayar da ido kan littafin. Mai keke ya hango ƙauyen. Tokuzo ya ɗan matsa. Mai keke ya sauke akwati a ƙofar wani gida, Tokuzo ya ƙara matsawa, ido na kan takarda, ƙafa na ja, ya zagaye kwali, ya zagaye wani, har cikinsa ya taɓa teburin ciniki. Ya sunkuyo da kai daidai inda hannunta zai kai.

"Me ye haka?"

"Can babu haske. Kantin naki duhu kamar rami."

Ta dube shi. Ta dubi sandar. Wata tsohuwa a cikin littafin ta sa hannu za ta ɗaga murfin akwatin.

Fat-fat-fat!

Ya yi atishawar da ta girgiza gilashin ƙofa. Kafin ya buɗe ido ta fizge littafin, ta jefa a kwali, ta danne murfi da gwiwar hannu.

"Ba ki da imani, Kadowaki-san! To me ke cikin akwatin?"

"Ina na sani? Tun ina amarya nake gadinka, yaushe na samu sukunin karatu?" Ta goge ido da bayan hannu, wai ƙura ce. "Kai faɗa mini. An ce ka iya ƙarya."

Ya tsaya a wurin, a tsaye kamar kullum, ya shirga mata wadda bai taɓa shirga irinta ba, tana cewa "Kai, haba!" tana dariya, har ɗanta ya iso da mota ya fara kwasar kwalaye.

Da yamma a gidan wanka tsofaffi duk sun hallara, har waɗanda ba ranar wankansu ba. Inomata ya matso.

"Yaya, Toku-san? An gama, ko mu nemi awara a wani wuri?"

"Ina! Saura ƙiris in gama, ta cim mini. Ku ba ku san saurin matar nan ba."

Ya cire tawul daga kansa, ya tsoma fuska cikin ruwan zafi, ya daɗe bai ɗago ba.