Baba da jiniyar Bompai

Shekara shida ke nan da aka fita da gawar Baba daga gidanmu na Dakata. Ina ajin ƙarshe a firamare a lokacin, bana kuma nake shirin barin sakandare. Ban iya magana cikin mutane ba, shi ya sa na rubuta.

Baba, Malam Isa, ma'aikaci ne a wata masaƙa a Bompai. Wata rana dilar yadi ta zamo daga sama ta same shi a ka. Ya fito daga asibiti jiki lafiya, amma hankalin bai dawo duka ba. Sunana ya ɓace masa. Idan an ba shi canji sai ya miƙa wa wanda ke kusa. Abu ɗaya ne bai manta ba: jiniyar masaƙa. Ta safe na yi, zai yi wanka ya karya, ya taka zuwa bakin ƙofar kamfanin, inda mai gadi, wani mutumin Filato, kan ajiye masa benci. Ta azahar na yi, zai dawo gida, ya yi salla, ya ci abinci. Ran Lahadi da ba a busa ta, haka zai wuni a zaune, tuwo na sanyi a gabansa.

Yayansa, Baffa Haruna, ya zo daga ƙauyenmu na wajen Ringim ya ce zai tafi da shi. Akwai wani mai magani a can, kowa kuwa ya san mari yake sa wa masu taɓin hankali. Inna ta ƙi. Magana ta kai gaban alƙali a Nassarawa, a tantance wanda zai zama waliyyinsa.

Inna ta tafi da ni don in riƙe masa hannu a hanya. Na tuna fankar kotun da ke juyawa ba iska, da yadda Baba ya sa hularsa a karkace. Alƙali ya tambaye shi sunansa, da wurin wanda yake so ya zauna. Bai ɗago ba. Yana ta ƙulla zaren da ya warware a bakin mayafina, irin ƙullin da suke yi a wurin aiki.

Baffa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga shi kuna gani. Mace ce za ta riƙe ƙato kamar wannan? Gobe mota ta buge shi a titi, ni za a zaga."

Inna ta ce, "Yaya, tunda ya kwanta ban taɓa ɗaure shi ba."

Ana cikin haka jiniyar azahar ta taso daga Bompai. Baba ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya naɗe hannun riga zai yi alwala. Masinja ya yunƙura zai zaunar da shi.

Baffa ya ce, "To, kun ga haukan."

Alƙali ya ɗaga wa masinja hannu, ya tambayi Inna mene ne wannan. Ta yi masa bayani, har da na ran Lahadi. Ya juya wurin Baffa ya ce, "A ƙauyenku ana jin jiniya?"

"Sai dai zakara, ranka ya daɗe."

Mutane suka yi dariya, alƙali bai yi ba. Ya ce gonar Baba ta ƙauye ta zauna a hannun Baffa, ya riƙa aiko da hatsi. Shi kuwa mara lafiya ya zauna wurin iyalinsa, inda kunnensa ke kaiwa ga abin da ke tayar da shi. Sannan ya ce, "Malam Isa ya tashe mu. A je a yi salla."

Baffa bai yi mana sallama ba ran nan, amma gero bai taɓa yankewa ba. Da zazzaɓi ya ɗauke Baba bayan shekara uku, shi ya yi masa wanka, yana kuka kamar yaro.

Yanzu masaƙar ta rage ma'aikata. Bencin mai gadi ba kowa. Jiniyar azahar ta daina tun bara, sai ta safe kawai, ita ma ana cewa ba za ta daɗe ba. Nakan tambayi kaina yadda Baba zai yi da wannan shirun. Wa zai gaya masa lokacin cin abinci ya yi? Da yanzu aka yi shari'ar, wace hujja Inna za ta kawo? Wani lokaci nakan ga kamar rahama ce da Allah ya ɗauke shi jiniyar na da rai.

Bai bar mana gida ba, haya muke. Mayafin nan dai yana cikin akwatina, ƙullinsa bai kwance ba. Inna kuma har yau idan azahar ta gabato sai ta sauke tukunya ta cika buta, ta ajiye a bakin ƙofa, ko da yake ba abin da aka busa.

Allah ya jiƙan Baba, ya mayar masa da abin da ya rasa a nan.