Dattijon da Ya Hana a Rufe Ƙofa

Khairat ba ta san sunan dattijon da ke shugabantar zaman ba, "Ustaz" kawai ta ji ana ce masa. Ita ɗaliba ce daga Zariya, ta biyo maƙwabtanta ofishin unguwa a Abbasiya, can ƙasar waje inda take karatu, don ta ji ko za a rushe benen da suke haya. Tun bayan juyin juya halin bara, an ce a gaban jama'a za a riƙa irin wannan zama.

Shi ne a tsakiyar tebur, kwat ta yi masa yawa a kafaɗa, shayinsa ya huce bai ko kurɓa ba. Wayarsa sai ruri take. Yakan leƙa sunan mai kiran, ya kife ta, ya share gumi. Khairat tana zaton wani na sama ne da ya riga ya yanke hukunci. Ga kuma mutane maƙil har bakin taga, kowa ya zuba masa ido.

Da hayaniya ta yi yawa, abokin aikinsa ya miƙe ya nufi ƙofa. "Khalas, ya isa haka, Ustaz, a fitar da su mu ƙarasa a tsakaninmu."

"Ma'alish, yi haƙuri," in ji dattijon, murya ƙasa-ƙasa. "Doka ta ce a buɗe. Bar ta."

Ba jarumta Khairat take gani a fuskarsa ba. Kallon ƙofar yake kamar shi ya fi kowa son fita. Wata tsohuwa ta matso tana tambayarsa inda za ta kai jikokinta. Ya buɗe baki ke nan, wayar ta sake ɗaukar ruri.