Rabin Askin Habu Jawa

Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san Yaya Habu da zanensa. Namiji, Bahaushe, jikan mutanen da suka tako da ƙafa ta Cadi da Sudan har Makka, ya tashi da safe ya ɗaura zane irin na 'yan Malesiya, ya kafa baƙar hularsu, ya kama hanyar shagon askinsa a unguwar Kudai yana gaisawa da jama'a kamar bai yi komai ba! Ni ƙanwarsa ni na sha kunyar. Mata su tare ni a gidan biki su ce, "Zulai, wai zanenki ne Yaya ya ara?" Shi kuwa ko a jikinsa. Sunan Habu Jawa da kuka laƙaba masa, tunda duk mutanen can Jawa ake ce musu a nan, amsawa yake yi har da ɗaga hannu.

Abin haushin, mutumin nan bai taɓa wuce Madina ba. Shagonsa ne ke kusa da masaukan alhazan Malesiya, in sun gama Umra su zo ya aske su. A kan kawunansu ya koyi yarensu, ya koyi abincinsu, daga ƙarshe ya ɗauko siyasarsu ya ɗora wa kansa. Mu kuwa muna da tamu damuwar. A garin nan aka haife mu, a nan aka haifi babanmu, amma da iƙama muke zaune, takardar zaman baƙo, wadda ba ta sabuntuwa sai kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya maka, ya yarda. Burin Yaya ɗaya ne a duniya, ya mutu a Makka a binne shi a Makka. Nawa burin kuwa ya rufe bakinsa har hakan ta samu, kada a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba.

Wanda ya jawo mana wannan ciwo wani dattijo ne, Alhaji Yusufu, Basine, wato jinin Sinawa, ɗan Malesiya da ya musulunta, mai zuwa Umra kusan kowace shekara. Shi ya zaunar da Yaya ya bayyana masa yadda ƙasarsu take. Malayawa su ne masu yawa, Musulmi ne, su ake kira 'yan ƙasa. Sinawa da Indiyawa kuwa, ko kakan kakanka a can aka haife shi, ranar da aka so ɓata maka rai sai a ce maka baƙo. Ya ce da ya musulunta ma danginsa cewa suka yi ya zama Bamalaye, Malayawan kuma ba su daina kallonsa Basine ba.

Yaya ya dawo gida ranar idonsa jajir. Ya ce, "Zulai, ashe su ma takari ne irinmu, baƙi a garin da aka haife su!"

Na ce, "To sai me? Ci abincinka."

Ya ce, "Ke ba ki da zuciya."

Daga nan muka shiga uku. Kun dai san Yaya da maƙo. Na'urar sanyin da ke shagonsa ado ce, ko zafi zai narkar da mutum ba ya kunna ta, wai iska mai yawa tana sa gashi tauri. To ranar da labari ya zo cewa wata haɗaka ta Malayawa da Sinawa da Indiyawa ta kayar da jam'iyyar da ta daɗe tana mulki a can, sai ga na'urar tana gurnani tun safe. Ɗan Pakistan ɗin da ke sayar da ruwan lemo kusa da shi ya leƙo a tsorace, ya ɗauka Yaya ba shi da lafiya. Ranar kyauta ya yi wa kowa aski. Ya zo gida da kwakwa ya ce in dafa shinkafa da ruwanta, a raba wa maƙwabta.

Na ce, "Yaya, kai aka zaɓa?"

Ya ce, "Yau an zaɓi mutum ba a tambayi kakansa ba. Yalla, ɗora tukunya."

Na dafa. Yaranmu suka ɗanɗana suka ce da Larabci wai sabulu na zuba.

Ba a je ko'ina ba haɗakar ta watse. Wasu daga cikin manyanta suka sauya sheƙa, suka haɗa kai da waɗanda suka kayar jiya, suka ce wai Malayawa da Musulunci na cikin haɗari saboda an ba Sinawa kujeru. Wallahi ni da ba ruwana sai da abin ya ba ni haushi. Jiya kuna rungume da juna kuna neman ƙuri'a, yau kun tuna wannan ba ɗan'uwanku ba ne? Shi kuwa Yaya rufe shago ya yi, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna ya sunkuyar da kai. Maƙwabta suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya ce Allah ya ba da haƙuri, Yaya na amsawa da amin. Sai da liman ya zo ya ce, "Habu, wa aka rasa ne, ban ji sanarwa ba?"

Ya ce, "Gwamnatin Malesiya, Malam."

Wani ɗalibi daga Najeriya da ke wurin ya ce, "Amma Baba, ai Musulmi ne suka karɓe mulkin, murna ya kamata mu yi."

Yaya ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Yaro, wane irin addini ne wannan da ba ya shiga haɗari sai ranar rabon kujeru? Lokacin da ake wawurar dukiyar talaka lafiya lau yake, ko ciwon kai ba ya yi!"

Liman ya tattara rigarsa ya tafi yana dariya, ni kuwa na fito na naɗe tabarmar da ƙyar.

Na ɗauka ya huce. Ashe yana jira ne. Bayan wani lokaci sai ga wani babban mutum daga Malesiya ya shigo shagon da tufafin ihrami, yaransa na biye da shi suna riƙe masa takalmi. Ɗan Pakistan ɗin nan yana tsaye a bakin ƙofa, a bakinsa na ji yadda aka yi. Mutumin ya zauna, Yaya ya jiƙa masa kai ya fara aski. Shi kuma ya saki baki da yarensu yana ba yaransa labarin yadda shi da abokansa suka fice daga haɗakar, yadda suka ceto addini daga hannun baƙi. Ina zai san baƙin wanzamin nan yana jin komai? Yaya ya ci gaba da aikinsa. Ya aske ɓangaren dama tas, daga goshi har ƙeya, yana sheƙi. Sannan ya wanke askarsa, ya goge, ya ajiye, ya koma kujera ya zauna.

Mutumin ya yi masa nuni da hannu ya ƙarasa.

Yaya ya ce masa da yarensu tsaf, "Na yi rabi. Sauran rabin kuma na sauya sheƙa."

Ya ƙara da cewa, "Mutanen da suka zaɓe ka ma ai rabin aiki ka yi musu. Ka je wani shagon, kun saba."

Haka mutumin ya fita tsakiyar Kudai da rana tsaka, gefe ƙwal, gefe gashi, yaransa na ƙoƙarin rufa masa ihrami a ka, shi yana ture su don mai ihrami ba ya rufe kai. Ku kun yi dariya, na sani, har yau kuna yi. Ni kuka na yi. Kafin la'asar ƙara ta kai ga kafili, wanda shi ke da shagon kuma da sunansa iƙamar Yaya take. Ya ce ko Yaya ya je masauki ya ba da haƙuri, ko kuwa khalas, ba shago, ba sabuntawa.

Na durƙusa a gaban Yaya. Na ce, "Don girman Allah ka je. Kana so a kai ka inda ba ka san kowa ba, ka mutu can?"

Ya ce zai je. Ya kuwa je, kafili na biye da shi. Ya tsaya gaban mutumin ya ce, "Ka yi haƙuri da na bar ka da rabi. Da na san ko kai wane ne, da ban fara ba."

Ranar aka karɓe makullin shagon.

Na yi yawo har ƙafata ta kumbura, unguwar Zahir, Kudai, duk inda aka ce akwai mai tausayi, ina neman wanda zai karɓi iƙamar tsoho mai dogon baki. Kowa ya ji suna sai ya yi dariya ya ce in sha Allahu. Wa'adin takardar na matsowa, Yaya na zaune a gida yana ramewa, ba ya ko kunna labaran Malesiya. Na ji haushinsa, na faɗa masa, na maimaita. Na ce ya jefa mu a masifa saboda mutanen da ba su ma san yana duniya ba. Abin da ya ce kawai, "Zulai, ba zan iya taɓa kan nan ba kuma."

Daga nan ya kwanta ciwo, ciwon kuma bai daɗe ba. Saura kaɗan takardar ta ƙare ya riga ta, Allah ya yi masa rasuwa. Ko a nan sai da ya yi taurin kansa.

An sallace shi a Masallacin Harami bayan azahar, a jere da sauran mamatan ranar, aka kai su maƙabarta tare. Da ɗana ya dawo daga binnewa na tambaye shi wa aka sa kusa da kawunsa. Ya ce wani alhaji ne ɗan Malesiya.

Na ce, "Bamalaye ne ko Basine?"

Ya ce, "Wallahi ma adri, ban sani ba, Umma. Ba wanda ya tambaya."

Allah ka jiƙan Yaya Habu, ka yafe masa zafin bakinsa, ka sanyaya masa ƙasar da ya ƙi rabuwa da ita. Ka jiƙan maƙwabcin nasa ko wane ne shi. Ni ma na yafe masa, Allah ka shaida.