Ƙyauren Kaka Uwani da Injin Huda

Mahaifina Malam Ɗanasabe masunci ne a Tiga, mutum mai taurin kai irin wanda ko ruwan sama ya tarar da shi a hanya ba ya ƙara sauri. Yana saurayi ruwan dam ya cinye ƙauyensu. Da aka tashe su, kowa ya ɗauki hatsi da tukwane, shi kuwa ya ciro ƙyauren ɗakin mahaifiyarsa, Kaka Uwani, ya ɗoro shi a ka.

Ƙyauren na icen ƙirya ne, baƙi wuluk, taurinsa sai ka ce dutse. A can ƙauye ƙafarsa a ramin dutse take juyawa, nan kuwa sai an sa masa hinji. Wani kafinta ya taɓa gwadawa, ƙusoshi suka yi ta lanƙwashewa, har gefe guda ya ɓalle. Baba ya karɓe gudumar ya raka shi bakin zaure. Abokansa masunta suka ce a gasa ƙarfe a huda kamar yadda suke yi wa kwalekwale, ya ce ba mai ƙona masa ƙofar uwa. Haka ƙyauren ya tsufa a jingine.

Da mijina ya rasu na dawo gida da yara biyu. Ɗakin da aka ba ni asabari kawai gare shi. Awaki su shigo, kaji su shigo, in ina kuka duk gida ya ji. Ban yi ƙorafi ba, amma Baba ya lura.

Ranar kasuwar Tudun Wada ya ce, "Ramla, yafa mayafinki, za mu sayo injin huda katako."

Mai shagon, Alhaji Mudi, ya jero mana su. Baba ya dinga ɗaga kowanne yana jinjinawa kamar mai zaɓen garma, ya tsaya kan wani ƙato mai igiya.

"Wannan ne namiji, ji nauyi!"

Na ce, "Baba, da wace wutar? Rabonmu da ita tun kafin azumi."

Ya harare ni, amma ya ajiye. Alhaji ya miƙo masa mai batir, ɗan madaidaici, batir biyu, ana iya cajinsa a shagon masu sola. Baba ya taɓe baki ya ce wannan ai abin wasan yara ne. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro guntun ƙyauren nan da ya ɓalle. Wallahi ban san ya adana shi ba.

"In ya huda wannan bai tsage ba, na saya."

Ya danna da ƙarfinsa duka, icen ya fara hayaƙi. Alhaji ya riƙe masa hannu. "A hankali, Malam, ba mashi ba ne. Mayar da shi kan gudu na ɗaya, ka fara da siririn baki, ka bar shi ya ci da kansa." Baba da ba a yi masa gyara sai ga shi ya bi. Garin ice ya zubo, rami ya fito sumul.

Washegari bayan sallar la'asar ya shimfiɗa ƙyauren a tsakar gida. In wannan ya tsage babu wani a duniya. Na danne masa icen da gwiwa, ya yi bismilla. Rami bayan rami, bai tsage ba. Maƙwabta suka kama aka ɗaga shi zuwa bakin ɗakina, aka ɗaure hinjin.

"Shiga ki rufe," in ji shi.

Na shiga na rufe. Ɗakin ya yi tsit, na ji a karon farko tun rasuwar mijina ina da wurin da zan kira nawa. Na gode wa Allah da ya ba ni uba irin wannan.

Sai na ji ana ƙwanƙwasawa a hankali, an yi sallama. Na buɗe, ga Baba tsaye yana goge ido da bakin rigarsa.

"Ba komai, 'yata," ya ce. "Rabon da in ƙwanƙwasa ƙofar nan a buɗe min, tun Inna tana ciki."