Allin Baba Ilyasu

Har yau ranar da mudir, wato manajanmu, ya kira ni ofis kan maganar Baba Ilyasu ba ta fita daga raina ba. Bayan Hajjin shekarar da na kama aiki ne, ina ƙaramin injiniya a wata ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a kudancin Jidda. An ɗora mini kula da samarin da aka ɗauka, saboda tsofaffin masu walda suna ta yin ritaya.

Baba Ilyasu shi ne mu'allim, wato shugaban masu walda, shi ke koya wa samarin aiki. A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife shi, amma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a hannun kamfani take. Ranar da yaransa suka ƙware aikinsa ya ƙare, sai ya fita neman sabon kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa, da furfurarsa. Ya san haka, kuma bai ɓoye musu komai ba.

Mudir ya ce, "Muhandis, sun iya ko ba su iya ba?"

Ni kuwa ko tambayata aka yi ko ana zafi a Jidda, sai na ce ya danganta. Na ce, "Galibi dai sun iya, sai dai wataƙila..."

"Halas. A ƙara wa tsohon shekara guda."

Na fito ina murna, yau dai halina ya amfani wani. Na sami Baba a gindin jirgi, na yi masa albishir.

Ya ɗage gilashin walda. "Me ka ce masa a kan yarana?"

"Ban ce ba su iya ba, Baba. Ban dai ce sun iya ba."

"Ya waladi, yarana ne wataƙila? Yalla, kira min shi."

Gwaji irin na gargajiya ya zaɓa: a shafa alli a bayan walda, a zuba kananzir ta ciki. In akwai huda ko kamar ta allura, allin zai jiƙe. Mudir ya zo, muka tsaya cikin rana. Ni dai, Allah ya yafe mini, addu'a nake a zuci ko ɗigo ɗaya ya ɓullo. Allin ya zauna fari fat.

Baba ya dubi mudir kamar wanda aka yi wa ƙarin girma. Ƙarshen wata aka sallame shi da shayi da dabino. Yanzu yana wani gareji a Khumra, yana yi wa ƙofofin gida walda.

Abin da na fahimta, in ban yi kuskure ba, mai wannan sana'a zai jure rasa aiki, amma ba zai jure a ce waldar yaronsa tana yoyo ba. Da na kai masa ziyara, ya nuna ni ga sabon kafilinsa, ya ce, "Ga wanda ya so ya taimake ni. Na yafe masa."